Adelaide Nutting, Malamar Malaman Jiyya

Da wuya a sami ɗan makaranta a cikinmu wanda bai san sunan Florence Nightingale ba, matar nan ta Ingila da ta yi jiyyar soja a yaƙin Kirimiya, ta kuma buɗe makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas na Landan cikin 1860. Amma kaɗan ne suka taɓa jin labarin matar da ta ɗauki wannan aiki daga inda Nightingale ta tsaya, ta fid da shi daga ɗakin marasa lafiya ta kai shi har jami'a. Sunanta Mary Adelaide Nutting. Ita ce nas ta farko a duniya da aka ba muƙamin farfesa, watau matsayin da shehunan malaman jami'a ke kai wa. Labarinta ya shafe mu duka a kwaleji, malamai da ɗalibai, domin tambaya guda ce ta yi ta fama da ita tsawon ranta: shin wanda ya zo koyon aiki ɗalibi ne, ko kuwa lebura ne wanda ba a biyansa?

An haife ta ran 1 ga watan Nuwamba, 1858, a wajen garin Waterloo cikin lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Ubanta akawun kotu ne, abin da ya ke samu bai taka kara ya karya ba, amma duk da haka iyayen suka dage sai 'ya'yansu sun yi karatu, maza da mata. Adelaide ta tashi da son kiɗa da zane, ta koyi kaɗa piyano har ta zama mai koya wa 'yan mata. Ta taɓa zuwa garin St John's, a tsibirin Newfoundland, inda ƙanwarta Armine ke shugabancin wata makarantar mata, ta yi malanta a can. Ashe tun kafin ta san ƙofar asibiti ta riga ta san aji, ta kuma san yadda a ke shirya darasi daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Abin da ya juya mata rayuwa shi ne ciwon uwarta. Ita ce ta zauna a gindinta tana jiyya har rai ya yi halinsa. A nan ta gane ƙauna kaɗai ba ta isa jiyya, gama ga tausayi cike da zuciya, amma hannu bai san abin yi ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai. Cikin 1889 sai ta ji labari an buɗe wani sabon asibiti a birnin Baltimore na ƙasar Amurka, mai suna Johns Hopkins, kuma ana neman mata su zo su koyi jiyya. Ta rubuta takarda, aka karɓe ta, ta shiga tana da shekara kamar 31, lokacin da tsararrakinta suka daɗe da zama a ɗakunansu.

Ta kuwa faɗa hannu nagari. Shugabar makarantar, Isabel Hampton, ita ma mutuniyar Kanada ce, mace mai tsari da hangen nesa. Mataimakiyarta Lavinia Dock ce, wadda daga baya ta zama abokiyar aikin Adelaide ta kusa. Cikin likitocin asibitin akwai William Osler da William Halsted da Howard Kelly, waɗanda sunansu ya cika duniyar likitoci. Adelaide ta gama cikin 1891, tana cikin rukunin farko da makarantar ta yaye. Ta tsaya nan ta riƙe ɗakunan marasa lafiya, cikin 1893 ta zama mataimakiyar shugaba. Da shekara ta kewayo, cikin 1894, Isabel Hampton ta yi aure da wani likita mai suna Hunter Robb ta bar aikin, sai aka ɗora wa Adelaide shugabancin makarantar da na dukan nas-nas na asibitin.

To, kafin mu ga abin da ta yi, ya kamata mu san halin da ta iske makarantun jiyya a ciki. Sa'ad da Nightingale ta kafa tata makaranta tana da kuɗin kanta, waɗanda jama'ar Ingila suka tara mata, fam dubu arba'in da 'yan kai. Sabo da haka makarantar tana da bakin magana gaban asibiti. Amma da tsarin ya ƙetara teku zuwa Amurka cikin 1873, aka buɗe makarantu uku a Niyok da New Haven da Boston, sai aka ɗauko siffar aka baro kuɗin. Ba a daɗe ba masu asibitoci suka lura cewa ba wata hanyar samun ma'aikata da ta kai buɗe makaranta araha. Ka tara 'yan mata, ka ba su ɗaki da abinci da ɗan kuɗin sabulu ko wane wata, su share maka ƙasa, su wanke marasa lafiya, su kwana tsaye, bayan shekara biyu ka ba su takarda su tafi, ka ɗauki waɗansu. Cikin 1880 makarantun jiyya 15 ne kacal a Amurka duka. Kafin 1900 sun wuce 400, kafin 1910 kuwa sun haura 1,000. Da yawa cikinsu ba su da aji, ba littattafai, ba malami ko ɗaya wanda koyarwa ce aikinsa. In likita ya sami sarari da dare sai ya zo ya yi musu lacca, su kuwa suna gyangyaɗi don gajiya.

Mutane da dama sun san haka, suna ta gunaguni. Abin da ya bambanta Adelaide da su shi ne ba ta tsaya ga gunaguni ba, sai ta shiga ƙirga. Ta tattara lissafi daga makarantun ƙasar, tana bin diddigin awa nawa ɗalibai ke aiki da rana, nawa da dare, nawa kuma a ke ba karatu. Cikin 1896 ta kai sakamakon gaban taron shugabannin makarantun jiyya. Lissafin ya nuna akwai inda yarinya ke aiki awa 60 a mako, akwai kuma inda ta ke kai wa awa 105. Ku raba 105 gida bakwai ku gani: awa 15 ke nan kullum, ba ranar hutu. In aka fid da barci da cin abinci, ina sauran lokacin buɗe littafi? Gani ya kori ji. Mai asibitin da zai iya musanta ƙorafi ba shi da ikon musanta lissafi.

Da wannan hujja ta tunkari hukumar asibitinta, ta kuwa yi nasara. Daga 1896 aka mai da karatun jiyya a Johns Hopkins shekara uku maimakon biyu, aka rage aikin ɗalibai zuwa awa takwas a yini, aka kuma daina ba su ɗan kuɗin nan na wata. Mai karatu zai yi mamakin wannan na ƙarshe, ya ce ina alheri a hana yarinya abin sabulunta? Dalilinta shi ne muddin asibiti na biyan ɗaliba, ko da kwabo ne, to, kallon 'yar ƙwadago zai yi mata, ita ma haka za ta ɗauki kanta. Sai ta sa aka juya kuɗin wajen sayen littattafai da biyan malamai da taimakon ɗaliban da ba su da hali. Gaskiya ne tsarin ya yi wa 'ya'yan talakawa nauyi, an kuma soke ta a kan haka, amma ba ta janye ba.

Cikin 1901 ta ƙara wani mataki. A da, ran da yarinya ta iso ran nan a ke tura ta kan mara lafiya, ta koya a jikinsa. Adelaide ta kafa ajin share fage na wata shida, inda ɗaliba za ta koyi yadda jikin mutum ya ke da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, da sanin magunguna, da tsabta, da dafa abincin marasa lafiya, kafin a damƙa mata ran wani. Ba ita ta fara tunanin ba, gama wata nas mai suna Rebecca Strong ta riga ta gwada irinsa a Glasgow cikin 1893, amma a Amurka makarantarta na cikin na farko. Wannan al'ada ta share fage ta bazu ƙasashe da yawa, har ta iso makarantun jiyya na Nijeriya ta hanyar Ingila.

Sai dai a nan ta koyi wani darasi mai ɗaci. Da sauran asibitoci suka ji Johns Hopkins ya mai da karatu shekara uku, sai suka yi maza suka kwaikwaya, amma da yawansu suka ƙi rage awoyi, suka ƙi ɗaukar malamai. Ashe gyaran da aka yi don ɗaliba ya koma ribar shekara guda ta aikin banza ga mai asibiti. Daga nan Adelaide ta tabbata cutar ba a jadawali ta ke ba, a gindin tsarin ta ke. Ita kanta ta ɗanɗana, gama rawani biyu ne a kanta: ita ce shugabar makaranta, ita ce kuma mai alhakin ganin ko wane gado ya sami mai kula da shi. In marasa lafiya suka yi yawa, aji ne kullum a ke tsallakewa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ta ga babu mafita sai makaranta ta sami kuɗin kanta da malaman kanta, ta kuma jingina da jami'a.

Tana cikin wannan fama ba ta bar sauran ayyuka ba. Ta sa hannu wajen kafa mujallar nas-nas ta Amurka cikin 1900. Cikin 1903 ta zama shugabar farko ta ƙungiyar nas-nas ta jihar Maryland, da ƙoƙarinsu kuma aka yi dokar rajista ta jihar cikin 1904, don a bambanta wadda ta yi karatu da wadda ta ɗaura farin ƙyalle kawai. Ta kuma shiga tara tsofaffin littattafai da takardu a kan jiyya, musamman abin da ya shafi Nightingale, don a ganinta sana'ar da ba ta san asalinta ba ba za ta san darajar kanta ba. Daga wannan tari ne ita da Lavinia Dock suka rubuta babban littafinsu na tarihin jiyya. Juzu'i biyu na farko sun fito cikin 1907, biyu na ƙarshe, waɗanda yawancin aikinsu na Dock ne, suka biyo cikin 1912.

Yanzu sai mu koma birnin Niyok, inda rabi na biyu na aikinta ya ke. A can akwai Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolumbiya, wadda aikinta horad da malamai ne. Tun cikin 1899 Isabel Hampton Robb da ƙungiyar shugabannin makarantun jiyya suka shawo kan shugaban kwalejin, James Russell, ya yarda a buɗe wani ɗan aji don nas-nas masu son zama malamai ko shugabanni. Hujjarsu ita ce iya aiki daban, iya koyad da shi daban. Da ɗalibai biyu rak aka fara. Adelaide takan hau jirgin ƙasa daga Baltimore ta zo ta yi musu darasi ta koma. Cikin 1907 kwalejin ta kira ta gaba ɗaya, ta ba ta kujerar farfesa. Barin Johns Hopkins bai zo mata da sauƙi ba bayan shekara 18, ga shi kuwa wurin da za ta ba shi da kuɗi, ba shi da tabbas. Amma ta lissafa cewa a asibiti makaranta guda ta ke gyarawa, a kwaleji kuwa za ta yaye waɗanda za su gyara ɗaruruwa.

Cikin 1910 aka sami sauƙi. Wata mai dukiya, Helen Hartley Jenkins, ta ba da kyautar dala 150,000, bisa shawarar Lillian Wald, nas ɗin nan da ta shahara da bin gidajen talakawan Niyok tana jiyya. Da wannan kuɗi aka kafa sashen jiyya da kiwon lafiya, Adelaide na shugabanta. Aka shiga horad da iri uku: malaman jiyya, da shugabannin makarantu da asibitoci, da nas-nas masu shiga gari da makarantun yara don tsare cuta tun ba ta kama ba. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga Amurka da Kanada da ƙasashen ƙetare, suna komawa gida suna kafa irin abin da suka gani.

Kujerar farfesa ba ta raba ta da ƙirga ba. Cikin 1912 ofishin ilmi na gwamnatin Amurka ya buga wani bincikenta a kan matsayin ilmin jiyya a ƙasar, wanda ya fallasa yawan makarantun da ba su da malami na dindindin, da waɗanda ke ɗaukar yaran da karatunsu bai kai ko'ina ba. Cikin 1917 kwamitin ilmi da ta ke shugabanta ya fid da tsararren manhaja don makarantun jiyya, mai nuna abin da za a koyar, da awoyin ko wane fanni, da yadda za a jera su. Ɗalibarta Isabel Stewart, ita ma daga Kanada, ta ɗauki babban kaso na wannan aiki. Ba doka ba ce, ba a tilasta wa kowa ba, amma daga ran nan an sami ma'aunin da za a gwada ko wace makaranta da shi.

A wannan shekara ta 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka wayi gari ana bukatar dubban nas-nas. Nan aka gwada ta gwaji mai tsanani. Waɗansu manya suka kawo shawara a tara mata a koya musu 'yan abubuwa cikin makonni kaɗan a tura su, kamar yadda waɗansu ƙasashe suka yi. Adelaide, wadda aka naɗa shugabar kwamitin jiyya na majalisar tsaron ƙasa, ta ƙi, don ta san in aka rushe ma'auni da sunan yaƙi ba za a sake ta da shi ba bayan yaƙi, kuma sojan da aka harba ya fi kowa bukatar gwanar hannu. Amma ba ƙi kawai ta yi ba, ta kawo madadi. Aka yi shela ga mata masu ilmi su shigo aikin. Cikin bazarar 1918 aka tara fiye da mata 400 waɗanda suka riga suka gama kwaleji, aka yi musu karatun share fage na wata uku a kwalejin Vassar, sa'an nan aka rarraba su asibitoci su ƙarasa. A shekarar kuma aka buɗe makarantar jiyya ta soja, abokiyar aikinta Annie Goodrich na riƙe da ita.

Bayan yaƙi da annobar mura ta 1918, kowa ya ga muhimmancin nas mai ilmi. Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi aka kafa kwamiti ya binciki ilmin jiyya a ƙasar, Adelaide na cikinsa, wata gwanar bincike Josephine Goldmark kuma ita ce sakatariya. Rahoton ya fito cikin 1923, ya kuwa tabbatad da abin da Adelaide ta ke faɗi tun shekara talatin: makarantar da bukatar asibiti ke juyawa ba za ta iya ilmantarwa ba sai an ba ta kuɗinta daban. A shekarar aka buɗe makarantar jiyya a Jami'ar Yale mai cin gashin kanta, Annie Goodrich na shugabanta, aka kuma buɗe wata a Jami'ar Western Reserve ta birnin Cleveland da kyautar Frances Payne Bolton.

Adelaide ta aje aiki cikin 1925, Isabel Stewart ta gaje ta. Cikin 1926 aka tara jawabanta cikin littafi guda, wanda sunansa ma magana ya ke a kan kafa makarantun jiyya bisa ingantaccen tushe na kuɗi. Ba ta taɓa aure ba. An san ta da kamun kai da tsanani, ba ta yarda da aikin ganin ido, ta kuma goyi bayan ba mata ikon jefa ƙuri'a. Jami'ar Yale ta ba ta digirin girmamawa cikin 1922, cikin 1944 kuma ƙungiyar ilmin jiyya ta ƙasar ta ƙago lambar yabo da sunanta, ita aka fara ba. Ta rasu ran 3 ga watan Oktoba, 1948, a garin White Plains kusa da Niyok, saura ƙasa da wata guda ta cika shekara 90.

Kada mu ce ta ga ƙarshen yaƙinta, gama ba ta gani ba. Ran da ta rasu mafi yawan nas-nas na Amurka a makarantun asibiti su ke koyo, da yawa kuma suna biyan karatunsu da guminsu. Akwai kuma ƙofar da ba a buɗe ba a zamaninta: makarantar Johns Hopkins ba ta yaye baƙar mace ba sai cikin 1959, ko da ya ke Kwalejin Malamai ta riga ta, don a can ne Estelle Massey ta zama baƙar nas ta farko da ta sami digiri na biyu, cikin 1931. Amma sannu ba ta hana zuwa. Cikin 1952 aka fara buga mujalla ta musamman don binciken jiyya, cikin 1953 aka kafa cibiyar binciken ilmin jiyya a kwalejin da ta yi wa aiki, daga baya kuma karatun jiyya a Amurka ya ƙaura kusan duka zuwa kwalejoji da jami'o'i.

To, jama'a, abin da za mu ɗauka daga wannan mata bai tsaya ga masu jiyya kaɗai ba. Ba ta ce a raba ɗalibi da aikin hannu ba, don ta san ba a koyon jiyya sai a gefen gado, kamar yadda ba a koyon malanta sai a gaban yara. Abin da ta tsaya a kai shi ne a tambayi ko wane aiki da aka sa ɗalibi, don ya koya aka sa shi, ko don a huta da biyan wani? Ta kuma nuna mana cewa mai son gyara ba ya isa da ƙorafi, sai ya ɗauki alƙalami ya ƙirga, ya zo da hujjar da ba ta musantuwa. Gobe waɗansunmu za a damƙa musu aji, waɗansu makaranta sukutum, da masu koyo a ƙarƙashinsu. Ran nan sai ko wannenmu ya zauna ya lissafa awoyin yaransa kamar yadda ta lissafa cikin 1896, ya ga nawa suka tafi ga ilminsu, nawa kuma suka tafi ga sauƙaƙa masa nasa aiki.